Baba Saje Ɗanliti, Wanda Ya Auna Rundunarmu A Gonar Labaran

Ranar Talata, 11 ga watan Yuli na 1978, cikin kwanakin farko na Sha'aban, ina tsaye gaban 'yan aji shida da alli a hannuna sai inuwar mutum ta rufe tagar ajin. Rabo ne, tsohon sarkin samarin Ruwan Godiya, ƙafafunsa duk taɓon gona. Ya tsaya daidai inda ka saba tsayawa, ya ce, "Malam, Baba Saje ya cika." Na ajiye allin. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ka yi jinyar kwana shida da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, ka rasu da hantsi a ɗakinka, aka yi maka sutura bayan Azahar. Shekarunka sun kai sittin ko sun ɗan haura, don kai ma ba ka taɓa tabbatar da lissafinsu ba.

Baba, na ɗauki alƙalami ne domin akwai abin da ban faɗa maka ba kana raye, kuma ina so samarin da za su karanta wannan takarda su san shi.

Ga wanda bai san ka ba, sunanka Ɗanliti Audi. A Ruwan Godiya aka haife ka, daga nan aka ɗauke ka soja kana saurayi, aka haye da kai teku zuwa yaƙin Bama. A can aka ɗora ka a kan masu ɗaukar kaya, waɗanda ke bin mayaƙa da harsashi da abinci da magani a ka, cikin tsaunukan da mota ba ta hawa. Ka dawo da igiyar saje, ka ƙara wasu shekaru a bariki, sannan ka koma gonar mahaifinka da ke bayan makarantarmu. Yara sun sha zagaye ka suna neman labarin mutum nawa ka harbe. Ba su taɓa samu ba. Labarinka kullum na ruwan sama ne, da sauro, da ƙafafun da suka ruɓe cikin takalmi.

A 1972 aka turo ni garinku, ina sabon fitowa daga kwalejin horon malamai. Da safe ina koyar da 'yan aji bakwai, bayan La'asar kuma samarin gari su cika kujerun don yaƙi da jahilci. Ina da rediyo, ina karɓar jarida duk sa'ad da motar Funtuwa ta zo, kuma ina jin babu abin da jadawali ba zai warware ba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila cikin azumin shekarar da ta biyo, sai na tsaga allo gida gida: yawan soja, tankokin yaƙi, jiragen sama, igwa. Na cika gidajen da alƙaluman da na tsinto, muka tara, muka debe, muka yanke wanda zai yi nasara. Abin ya yi wa samari daɗi ƙwarai, har waɗanda ba su son lissafi suka fara zuwa da wuri. Daga nan muka auna Amurka da Rasha, da kuma Amurka da Biyetnam. Muka auna ƙasarmu da maƙwabtanta. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, kowa na maganar sababbin jirage da manyan barikoki, muka ɗora Nijeriya a saman allo muna tafi.

Wata yamma ka dawo daga gona da lauje a kafaɗa, ka tsaya bakin taga ka daɗe kana kallo.

"Malam, wanga zane na mi ne?"

Na yi maka bayani da zumuɗi, gida bayan gida. Ka gyaɗa kai.

"To, ina gidan ruwan sha? Ina na takalmi?"

Samari suka fashe da dariya. Kai ma ka murmusa, ka jira suka gama. Sannan ka ce ka taɓa fita da mutum ɗari da ashirin a takarda, bayan kwana goma na tafiya cikin ruwa waɗanda ke iya tashi tsaye ba su kai rabi ba, alhali ba a harba muku ko harsashi ɗaya ba. "Ka ƙirga bindiga, Malam," in ji ka, "ba ka ƙirga cikin mai riƙe da ita ba." Na gode maka cikin ladabi, kamar yadda ake gode wa dattijo. Da ka wuce na ci gaba da darasina, ban ƙara gida ko ɗaya ba.

Ba ka yi fushi ba. Babu wanda ya ɗauke ka aiki a makarantar nan, amma randa biyu da ke gindin darbejiya kai ka saye su, kuma duk safiya sai ka leƙa ka ga ko da ruwa kafin ka wuce gona. In babu, malamin da ke da alhakin ranar zai ji sallamarka. Ranar Litinin kakan zauna a kan dutse da allura da man kaɗe, yara su jera suna miƙo ƙafa, ka cire ƙaya, ka wanke gyambo, ka shafe faso. Shekarar da muka kai yara Mairuwa a ƙafa don su ga madatsar ruwa, ni ina gaba ina nuna musu duwatsu da itatuwa ina faɗin sunayensu da Turanci, kai kana can ƙarshen layi. Da muka isa na waiwaya, sai ga ka da yarinya goye a baya da jakunkuna uku a hannu. Na tambaye ka me ya sa ba ka zo gaba ba, tunda kai ne babba. Ka ce na gaba hanya yake gani, na baya shi ke ganin mutane.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

A daminar 1974, daidai lokacin huɗa, ɓarayi suka kore shanun huɗa shida daga bakin fadama da rana tsaka, suka shige da su dajin da ke wajen Sabuwa. Biyu daga ciki na Labaran ne, maƙwabcinmu na unguwar 'yan coci, wanda ya shekara bakwai yana tattali kafin ya mallake su. Mai gari ya aika wa hukuma, amma ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shigowa. Kwana biyu, uku, shiru. Wani mai ɗiban zuma ya dawo ya ce ya hango ɓarayin a bakin rafi, su tara.

Rabo ya same ni bayan darasi da samari a bayansa. Ya ce, "Malam, yi mana irin zanen nan naka." Na yi. Wallahi na yi, da hannuna. A gefe ɗaya na rubuta mutum arba'in da shida, bindigogin maharba bakwai, masu baka goma sha biyu, 'yan tauri biyar, sauran da adda da gora. A ɗaya gefen na rubuta tara. Na ja layi, na raba, na ce kowane ɓarawo yana da mutum biyar a kansa har da ragowa. Ban ce musu ku tafi ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma allon ya faɗa musu, kuma sun yarda da allon saboda sun yarda da ni. Sha tara daga cikinsu ni na koya musu rubuta sunansu. Suka sa ranar Alhamis.

Da suka zo roƙonka ka jagorance su, iyayensu sun zaci za ka tsawata musu. Sai aka ji ka amince. Ka kafa sharaɗi guda: dawar Labaran ta isa huɗa, ba shi da shanu, saboda haka ranar Laraba a yi masa gayya, a gama, Alhamis a kama hanya. Ka ce soja ba ya barin aiki a bayansa.

Safiyar Larabar nan ba zan manta da ita ba. Duk arba'in da shidan sun zo, kowa da galmarsa. Mai gangar noma ya zo, 'yan mata sun jeru a bakin gona suna guɗa, 'yan tauri na kirari suna goga wuƙa a ciki. Aka ja layi, ƙasa ta riƙa juyewa kamar ana naɗe tabarma. Na tsaya ina kallo, zuciyata ta cika, ina cewa a raina ga lissafina nan ya tashi tsaye. Kai kuwa kana zaune a kan kututture da ƙwarya a gabanka. Na leƙa na ga tsakuwa ce a ciki. Ka ce arba'in da shida ne.

Da hantsi ya ɗaga ka tashi ka je wurin makaɗi, ka ba shi goronsa, ka ce ya tafi gida. Ka sallami 'yan mata. Ashe tun jiya ka roƙi Tani, matar Labaran, ta dama furarta ta ajiye a ɗaki, kada ta fito da ita, kada kuma a kawo ruwa gona. Samari suka ɗago suna tambaya.

"A daji babu ganga," ka ce. "Babu mai yi maku guɗa. Tani ba za ta biyo ku da fura ba. Kowa ya sha abin da ya zo da shi."

Babu wanda ya zo da komai. Wa ke zuwa gayya da guzuri? Tun kakanninmu, mai gayya galmarsa kawai yake ɗauka, ci da sha na mai gona ne. A lokacin ne na gane cewa haka suka shirya tafiyar Alhamis ɗin ma. Sun wasa adda, sun cika bindiga, sun ɗaura layu, amma ba wanda ya tambayi wa zai ciyar da mutum arba'in da shida a cikin daji, ko kwana nawa za a yi, ko a ina za a sha ruwa. Gayya suka ɗauke ta. Ni ma da na zana musu jadawalin ban tambaya ba.

Aka ci gaba da huɗa babu kiɗa, sai ƙarar galma da numfashi. Kafin rana ta take, wani ya ce ƙotarsa ta saki, zai je ya gyara. Wani ya tuna ya bar akuya a ɗaure cikin rana. Ɗaya daga cikin 'yan taurin, wanda wuƙa ba ta cinsa, ƙaya ta shige masa tafin ƙafa ya zauna yana kiran sunan uwarsa. Ba ka zagi kowa ba, ba ka kira kowa rago ba. Duk wanda ya fita, ka ce masa sannu, ka ɗauke tsakuwa ɗaya ka ajiye a ƙasa. Ni ma na karɓi galmar wani don in nuna ba alli kaɗai na iya riƙewa ba. Ban kai Azahar ba tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Ka dube ni ka ce, "Kai ba ka cikin ƙwarya, Malam, huta abinka." Da lokacin salla ya yi aka gangara rafi alwala, waɗanda suka dawo ba su kai rabin waɗanda suka tafi ba.

La'asar ta yi da mutum takwas a gona, gonar kuma ba ta ƙare ba. Rabo yana cikinsu, leɓɓansa sun bushe. Ka ɗauko ƙwaryar ka miƙo mini a gabansu.

"Malam, ga rundunarka. Rubuta."

Na karɓi ƙwaryar. Ka ci gaba, murya ƙasa ƙasa: "Su taran nan kuma, wa ya ƙirga su? Mai zuma ya ga tara a bakin rafi. Nawa suka zauna wurin shanu? Mi ke hannunsu? Ya matsa kusa ya gani?"

Rabo ya jefar da galma. "Baba, ka tozarta mu gaban gari."

"Na yi," ka ce. "Gobe kowa zai tashi da haushina a ɗakin uwarshi. Na yarda da wannan. Na taɓa kai wa uwa kayan ɗanta a ƙunshe, Rabo. Ba ni ƙarawa."

Sannan ka aika Tani ta kawo furar, ka zuba wa takwas ɗin da hannunka. Washegari, Alhamis ɗin da aka sa, kai da kanka ka je ka ɗauko makaɗi, aka kira 'yan mata, aka fito da kunu da fura tun da safe. Kowa ya dawo, har mai akuya, aka gama gonar kafin Azahar. Babu wanda ya sake ta da maganar daji.

Ba ka bar shanun haka nan ba. Irin awon da ka yi mana shi ka yi wa ɓarayin. Ka ce su ma suna da ciki, kuma daji ba ya tsirar da gishiri, shanu kuma suna son kanwa. Da iznin mai gari ka taka a ƙafa zuwa Sabuwa da ƙauyukan bakin daji, ka zauna da masu awon hatsi da masu sayar da gishiri da kanwa, ka ce su lura da baƙin fuska mai sayen abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Bayan kamar mako uku, da hanya ta ɗan sha iska, 'yan sanda suka kama biyu a kasuwa. Aka samo shanu huɗu a rame. Waɗanda aka kama suka ce su goma sha biyar ne, da bindigogin soja huɗu. Ka ga ashe gidaje biyun da na zana, babu na gaskiya ko ɗaya.

Na Labaran ba su cikin huɗun. An riga an kai su nesa an sayar. Labaran ya ce da an tafi ranar Alhamis da an same su, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Ya shekara guda ba ya amsa gaisuwarka. Ba ka taɓa kare kanka ba, ba ka ce masa shanu biyu ba su kai ran mutum ba, ko da yake kowa ya san haka kake gani. Abin da ka yi shi ne, duk damina ka riga kowa shiga gonarsa da galma, har ya gaji ya soma kawo maka ruwa da kansa.

Ban daina zana jadawali ba, Baba, don yara suna bukatar su iya lissafi. Amma yanzu allon ba ya isa. Akwai gidan abinci da na ruwa, akwai gidan nisan hanya, akwai wanda muke rubuta wa ya kawo wannan adadi, kuma daga ina ya hango. Akwai gida na ƙarshe da muke bari babu komai, na waɗanda za su rage bayan an ɗauke ganga, don wannan ba a saninsa daga cikin aji. Da aka ji a rediyo cewa yaƙin Biyetnam ya ƙare ba yadda tsohon jadawalinmu ya nuna ba, na garzaya gonarka ina murna in shaida maka maganarka ta fito. Ba ka taya ni murna ba. Ka ce, "Na kowane gefe ɗiyan wasu ne, Malam," ka sunkuya ka ci gaba da cirar ciyawa. Ko bara, da samari ke ta barin gona suna tafiya aikin kwangila Kaduna da Ikko, ana cewa ƙasa ta yi ƙarfi, tambaya ɗaya ka yi mini: in shinkafar da soja ke ci a jirgin ruwa take zuwa, ranar da jirgin bai zo ba fa? Har yau ban sami amsar da zan ba yara ba.

Abin da ban faɗa maka ba shi ne na gode. Na sha zuwa bakin gonarka da niyyar faɗa, sai nauyi ya kama ni mu ɓuge da hirar ruwan sama. Da ba don kai ba, da allina ya tura 'ya'yan mutane gaban bindigar soja da adda a hannu. Yau cikinsu akwai mai 'ya'ya uku, akwai malamin makaranta, akwai direba. Ina haɗuwa da iyayensu mata a hanya muna gaisawa ina iya ɗaga ido. Kai ka bar mini wannan.

Ciwo ya kwantar da kai gonarka tana rabin huɗa. Ranar Asabar, bayan addu'ar uku, Rabo ya kira gayya. Ba a zo da ganga ba, saboda makoki. An aika wa matarka Inna Barakatu kada ta ɗora tukunya, kowa ya zo da gorarsa da ƙunshin abincinsa. Da zan fita ta kira ni ta miƙo mini ƙwaryar nan, ta ce a bayan randarka ta same ta. Mutum talatin da uku suka zo, sauran suna birni. Na tsinci tsakuwa talatin da uku na zuba. Labaran ne ya riga kowa. Da rana ta take ƙarfinsa ya gaza, ya zauna a kan kututture, aka ce ya koma gida ya ƙi, don haka ban taɓa tsakuwarsa ba. Aka gama gab da La'asar. Na mayar wa Inna da ƙwaryar yadda na cika ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Barakatu, wadda ta zauna da kai shekara talatin da ɗoriya, da 'yarka Asma'u da mai gidanta a Ƙanƙara, da ɗanka Mani, da jikokinka, da mai gari da jama'ar Ruwan Godiya baki ɗaya, da dangi na Faskari da Sabuwa, da duk wanda ka taɓa cire wa ƙaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya albarkaci abin da ka bari.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗanliti ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, har da abin da ya gani a ƙasar nesa ya kasa faɗa. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Yadda ya tsare wa 'ya'yan mutane ruwan sha, Ka shayar da shi daga Alkausara. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Baba Saje, duk tafiyar da muka yi tare a ƙarshen layi kake, don kada a bar kowa a baya. Wannan karon ka riga mu. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani, mu iske ka. Amin.

Hadi Abdulƙarim
Ruwan Godiya